Isyaku Walƙiya da Fedar Ƙwararru

Wani mutum ne a ƙungiyarmu ta masu tseren keke a Zariya, sunansa Isyaku, amma ya fi son a ce masa Walƙiya. Ba wanda ya raɗa masa sunan. Wata rana kawai muka ga ya rubuta abinsa da jan fenti a jikin keke.

In Isyaku ya buɗe baki, nemi wurin zama. Ya taɓa yin tsere da tirela daga Kaduna, ya iso Zariya, ya ci tuwo, ya yi sakace, sannan direba ya ƙaraso yana ba shi haƙuri. Ya taɓa hawan tsaunin Jos bai riƙe kan keke ba, yana ɓare gyaɗa. Gaskiya ɗaya zan faɗa masa, mutumin yana da ƙafa. Sai dai bakinsa ya fi ƙafar gudu.

Ana nan sai aka yi wa kyaftin ɗinmu canjin wurin aiki, usur ya koma hannun uban ƙungiya, Baba Magaji. Duk wanda Baba ya rataya wa usur ɗin nan shi ne kyaftin, shi ke shiga gaba, shi ke cewa a tafi ko a tsaya. Baba tsohon masinja ne, shekara talatin yana kai wasiƙa ƙauyuka a kan keke. Al'adarmu kuwa, duk Asabar in mun gama zagaye da hantsi, a ƙofar gidansa muke ƙarewa. Tun daga nesa kowa zai sauka, ya jingine keke, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa a bakin tabarma ya kwashi gaisuwa. Baba yana yafe wa wanda ya zo na ƙarshe, amma ba ya yafe wa wanda ya gaishe shi daga kan sirdi. Ya ce Asabar mai zuwa zai ba da usur.

Mutum biyu ake magana a kansu, Isyaku da Tanimu tela, wanda ba ya cewa uffan sai an tambaye shi. Isyaku kuwa ya ci alwashi a gaban kowa cewa in usur ya wuce wuyansa, a daina kiransa Walƙiya.

Ranar Alhamis ya ja ni shagon Malam Barau mai kayan keke, wai in zama shaida. Ya gani a waya cewa manyan 'yan tsere ba sa taka feda irin tamu. Tasu kama takalmi take yi. Akwai ɗan ƙarfe a ƙasan takalmin, kana takawa sai ya shige ƙwas, ƙafa da keke su zama abu ɗaya.

Malam Barau ya fito da iri biyu ya ajiye a kan benci.

"Wannan ta masu farawa ce," in ji shi. "Gefe ɗaya tana kamawa, gefe ɗaya shimfiɗe take, ko da silifa ka taka. Sakinta kuma ba wuya. Wannan kuwa ta ƙwararru ce. In ta riƙe, ta riƙe."

Isyaku ya ture ta farkon da ɗan yatsa kamar an miƙo masa tuwon shekaranjiya.

"Haba Malam Barau. Ni za ka nuna wa ta 'yan koyo? Ni da na shekara biyu ina taka irin wannan a Legas?"

Na dube shi. Iyakar Legas ɗin Isyaku dai, ya taɓa raka wani tashar motar Legas.

"To madalla," in ji Malam Barau. "Amma bari in sassauta maka sifirin da ke riƙe takalmin, ka dafa bangon nan ka gwada cirewa kamar sau ashirin. Ita cirewar tana da..."

"Ɗaure shi tamau."

"Malam Isyaku, cirewar nake so in nuna..."

"Biri za ka koya wa hawan bishiya? Ɗaure har ƙarshe."

Malam Barau ya haɗiye sauran maganarsa, ya murɗa sifirin har ya ƙi tafiya. An ce matambayi ba ya ɓata, amma Isyaku ya gwammace ya ɓata da a ji shi yana tambaya. Da muka fito ma bai hau keken ba. Turo shi ya yi har gida, ya lulluɓe fedar da leda, wai kada mutanen Tanimu su ga sirrin.

Asabar da sassafe sai ga shi da hular kwano, da wando mai ɗame jiki, da sabon takalmi yana tafiya ƙwaras ƙwaras kamar akuya a kan siminti. Ya dafa kafaɗata ya hau. Ƙwas. Ƙwas. Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Wanda ya riga ku isa ya gaishe muku da Baba."

Fiu, ya tafi. Nan na ji haushi ƙwarai, don wallahi abin ya yi masa aiki. Hanyar ranar ba tsayawa, ba shingen kowa, sai gudu. Na bi shi har numfashina yana neman ɗaukewa, shi ya sa na ga komai da idona.

Baba Magaji yana zaune a gindin dalbejiya tare da maƙwabcinsa, wani dattijo Malam Jatau, usur yana ajiye a kan tabarma. Isyaku ya karyo kwana, ya taka birki, ya ja ƙafar dama sama. Shiru. Ya ja ta hagu. Shiru. Ashe dunduniya kawai ake murɗawa waje ta saki, abin da Malam Barau ke ta son faɗa ke nan. Shi kuwa sama yake fizga, fedar tana ƙara riƙewa. Keke ya fara layi. Da ya ga ƙasa tana matsowa sai ya sake taka feda, ya wuce ta gaban tabarma.

"Barka da hantsi, Baba."

Daga kan sirdi. Baba ya dube shi ta saman tabarau.

Isyaku ya kai ƙarshen layi, ya juyo, ya sake wucewa.

"Ina gajiya, Baba."

Ya tafi, ya dawo.

"Yaya iyali, Baba?"

Kafin nan duk mun iso. Mun jingine kekuna, mun tuɓe takalma, mun durƙusa, sai kawunanmu ke binsa dama da hagu. Malam Jatau ya karkata wajen Baba.

"Magaji, wannan ɗan naka kashi-kashi yake kawo gaisuwa?"

Na ce, "Walƙiya, sauko mana."

"Jini nake hucewa," in ji shi. "Haka ake yi a Legas."

Amma da ya sake zagayowa sai ya matso kusa da ni, zufa tana zuba ta ƙarƙashin hular kwano, ya yi ƙasa da murya.

"Don Allah Barau ya zo?"

Barau bai zo ba. Wanda ya zo shi ne wani mai ruwa, ya turo kurarsa cike da jarkoki ya tare layin gaba ɗaya. Ba dama, ba hagu. Isyaku ya damƙe birki. Keke ya tsaya cak a gaban Baba. Na rantse sai da ya yi daƙiƙa biyu a tsaye, ido waje, yana fizgar ƙafafu. Sannan ya fara karkata a hankali, a hankali, kamar kukar da aka gama sara.

Tim.

Shi da keke suka kwanta gefe ɗaya, ƙafafu suna nan maƙale yadda suke. Tayar gaba ta hau tabarmar Baba, takalmi ma ya hau. Tayar baya tana ta juyawa ita kaɗai, tirrr.

Kowa ya sunkuyar da kai yana cizon leɓe. Ni a lokacin har na ji tausayinsa, kuma da ya yi shiru da an ce tsautsayi ne a wuce wurin. Amma baki shi ke yanka wuya. Isyaku ya ɗago kai, kunci duk ƙasa.

"Kada ka damu, Baba. Haka ƙwararru ke sauka."

"Ikon Allah," in ji Baba. "Shekara talatin ina kan keke, ban san da wannan ba."

Ya ɗauki usur ya riƙe shi da igiya yana lilo.

"To ga usur. Mun ga yadda ƙwararru ke sauka. Taso ka karɓa, mu ga yadda suke tashi."

Isyaku ya yunƙura, keke ya biyo shi, suka koma tare. Ya sake yunƙurawa, sirdi ya doke shi. Ya yi ta mutsu-mutsu a ƙasa kamar zakaran da aka ɗaure za a kai kasuwa. Mai ruwa ya saki kurarsa ya riƙe ciki. Malam Jatau ya toshe baki da hula. A karo na uku Isyaku ya mayar da kai ƙasa ya kwanta, muryarsa ta koma 'yar ƙarama.

"A taimaka a cire ni."

Baba ya yafito Tanimu tela, ya rataya masa usur a wuya, ya nuna ƙasa da haɓa.

"Kyaftin, ga aikinka na farko. Kwance mana ƙwararre, ya samu ya gaishe ni."