Agogon Baba a Zaman Makoki

Ba zan taɓa mantawa da wata ranar Talata a Doguwa ba, ko da yake na sha roƙon Allah ya mantar da ni ita.

Abokin aikina Malam Sabo, wanda muke koyarwa tare a Kiru, ya ce in raka shi ta'aziyyar ɗan kawunsa da ya rasu a hatsarin mota. Ban san mamacin ba, ko sana'arsa ban tambaya ba. Muka yi gaisuwa muka zauna a tabarma kusa da uban, wani dattijo siriri. Ana ta yi masa addu'a, shi kuwa sai shafa agogon hannunsa yake yi.

Ni kuma a lokacin ji nake babu wanda ya kai ni sanin tsofaffin agogo (ilimin nawa duka na bidiyon waya ne, da wata uku da na yi ina zama a teburin wani mai gyara a Kano). Da wani ya ce agogon gadon mahaifin Baba ne, tun zamanin Turawa, sai bakina ya fara ƙaiƙayi.

"Baba, ko zan iya gani?"

Ya kwance ya miƙo min da hannu biyu. Kallo ɗaya na ga matsala. Hannun awa ruwan zinari, na minti fari. Ɗan maɓallin da ake murɗawa a yi wa agogon wani ya yi wa jikin girma. Mai hankali da nan zai tsaya. Ni sai na zaro abin yankan farce na ɓalle murfin bayan, a gidan mutuwa, mutane suna kallo. Sunan da ke jikin injin daban, na fuskar daban.

"Baba," na ce, har da gyaran murya, "wannan haɗe-haɗe ne. Ƙoƙon ne kawai na asali. Duk wanda yake gyara maka shi ba ya tsoron Allah, ya kwashe kayan cikin ya zuba maka tarkace."

Malam Sabo ya danne min ƙafa da gwiwarsa, amma magana ta riga ta fita.

"Marigayin ne," in ji dattijon a hankali. "Gyaran agogo yake yi a kasuwar Tudun Wada. Ban taɓa ba wa wani ba sai shi."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Na shiga kame-kame, wai ai kayan irin wannan agogon sun daina samuwa, dole mai gyara ya yi dabara da abin da ya samu. Kuma wataƙila gaskiyar ke nan, wadda ya kamata in fara tunawa. Baba ya dube ni da jajayen idanu.

"Malam, tunda kai ka sani, faɗa min. Lalacewa suka yi ya canja, ko sayarwa ya yi?"

Ban sani ba. Wanda ya sani an binne shi jiya. Murfin ma ya ƙi rufuwa, haka na mayar masa da shi gida biyu. Ya zuba a aljihu, ya ɗaga hannu sama.

"To, ko ma mene ne, na yafe masa duniya da lahira."

Jama'a suka amsa da amin. Kafin in zo, babu abin da mutumin nan yake da shi na yafewa ɗansa. Ni na kawo masa.

Tun daga ranar, idan na je ta'aziyya "Allah ya jiƙansa" kawai nake cewa, sai in zauna a kan hannuwana har a shafa fatiha.