Awarwaron Maganaɗisu Da Wasiyyar Da Na Yi A Bayan Babur

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da na yi wasiyya a bayan babur ba. Lafiyata ƙalau a ranar, ni ne dai ban sani ba.

Ni malamin Hausa ne a wata sakandare a Gummi. Shekaruna sun haura arba'in, tumbi ya fara riga ni shiga aji. Muna da ƙungiyar ƙwallo ta malamai, wadda kan kara da malaman Anka da na Bukkuyum lokacin hutu. Matsayina a ƙungiyar sananne ne: benci. Gwiwata ta dama tana ciwo, in na yi gudun minti biyar sai ka gan ni riƙe da ƙugu ina haki.

Wata ranar kasuwa na tarar da wani mutum ya baza awarwaro masu sheƙi a kan buhu, ya jingina kwali mai hotunan 'yan ƙwallon Turai, kowanne da irinsa a hannu. Ya ce akwai maganaɗisu a ciki, yana jan ƙarfen da ke cikin jini, jini ya riƙa gudu, ciwon gaɓoɓi ya kama gabansa. Da ya ga ina shakka, sai ya sa na tsaya da ƙafa ɗaya na buɗe hannuwa. Ya danna hannuna, na tafi luuu, saura kaɗan in zauna cikin kwandon tattasan maƙwabcinsa. Ya ɗaura mini awarwaron ya sake dannawa. Ko gezau! Nan take na saya (ban ko yi ciniki ba, ni da nake ciniki a kan albasa).

Da na isa gida, Inna ta ƙura wa hannuna ido.

"Mi nika gani? Namiji da awarwaro? In ado kaka so, ga nawa na aure can cikin adaka."

Na ce, "Inna, wannan kimiyya ce."

Mai kayan ya ce abin ba ya aiki sai jini ya motsa. Don haka na ajiye babur na koma zuwa makaranta a ƙasa, kuma kullum bayan la'asar ina fili. Cikin mako uku gwiwa ta saki, numfashi ya daidaita. Ai kuwa sai na zama mai wa'azin awarwaro a ɗakin malamai. Kowa na saurare, ban da abokina Malam Sani, malamin kimiyya.

"Malam, tafiyar ƙasa ce ta yi maka magani," in ji shi. "Ƙarfen jini ba irin na ƙusa ba ne. Da maganaɗisu na jan jini, da duk wanda ya jingina da lasifikar biki jininsa ya taru a gadon baya."

Na ce masa hassada ce ke damunsa. (Allah ya yafe mini, a gaban mutane na faɗa.)

Ranar wasanmu da Anka aka sako ni bayan hutun rabin lokaci. Aka bugo kwana, aka yi cincirindo a bakin raga, ƙwallo ta shige, kowa ya yo kaina da ihu. Ci ɗaya mai ban haushi, kuma ni na ci! Na zagaye fili ina ɗaga hannu ina nuna awarwaro. Kafin magariba malamai uku sun tambaye ni inda ake sayarwa, har shugaban makaranta ya ja ni gefe ya ce ko yana yi wa ciwon baya.

Kwana biyu bayan haka, da safe ina shirin wanka, na tura awarwaron sama. Wuyan hannuna ya yi zobe kore shar, gefe-gefensa baƙi, ga ƙaiƙayi. Kuma tun daren jiya cikina ke murɗawa.

A yankinmu akwai kalmar da ba a wasa da ita: dalma. Dangin Inna suna wajen Bagega, mun ga abin da gubar nan ta cikin dutsen zinariya ta yi wa yara a shekarun baya, mun je ta'aziyya ba ɗaya ba biyu. Nan da nan zuciyata ta yanke hukunci: da dalma aka yi abin nan, wata guda yana hannun da nake cin tuwo da shi, ga ciwon ciki ya fara. Na kira Malam Sani a waya, ya zo da babur ya ɗauke ni sai asibiti.

A hanya na fara wasiyya a kunnensa. Littattafaina a ba makaranta. Ya kula mini da Inna da iyali. Ya yafe mini maganar hassada.

"Na yafe, riƙe ni da kyau kar ka faɗi," ya ce.

Amma akwai abin da ya fi damuna, wanda ban gaya wa kowa ba. Muna zaune a bencin jira, Malam Sani ya je yankar kati, sai na ciro waya na shiga zauren da malaman garuruwan uku muke hira a ciki, na danna saƙon murya. Na yi sallama da muryar mai barin duniya, na ce:

"'Yan'uwa malamai, ina asibiti, ban san abin da Allah zai yi ba. Ƙwallon nan da na ci Anka, da hannu na tura ta. Alƙalin wasa bai gani ba. Don Allah ku yafe mini."

Na tura. Na ji wata natsuwa ta sauko mini, na share hawaye.

Aka kira ni wurin nas, wata dattijuwa mai tabarau da kowa ke ce wa Hajiya. Na miƙa mata hannu kamar mai miƙa takardar kotu.

"Cire abin ga," ta ce.

Na cire. Ta duba, ta jiƙa auduga da ruwan sabulu, ta goga sau biyu. Cutar da za ta kashe ni ta koma jikin auduga. Fatata ta fito tas, sai ɗan ja inda na sosa.

"Tagulla ce ta haɗu da zufa, Malam. 'Yan mata masu zoben kasuwa ma haka yatsunsu ke yi. Dalma ba ta rina fata haka, ta baki da hanci taka shiga. Ana niƙa dutsen zinariya gidanku?"

"A'a, Hajiya."

"To mi kac ci shekaranjiya?"

Malam Sani, wanda ya shigo ya tsaya a bayana, ya amsa a madadina: tsire na murnar nasara, da yaji kamar ba gobe, na kora da nono. Hajiya ta sauke tabarau ta dube ni ta samansa. Ba ta yi dariya ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi.

Malam Sani ya ɗauki wata allurar maƙala takarda a teburinta ya kanga wa awarwaron. Ta ɗan maƙale, ya girgiza kaɗan, ta faɗi.

"Abin da ya kasa riƙe allura, shi zai ja jini ta cikin fata da nama?"

A baranda ya sa na sake tsayawa da ƙafa ɗaya. Ya danna hannuna yana ja waje, na tangaɗa. Ya danna yana turawa wajen jikina, na tsaya ƙyam, ba awarwaro ba komai. Dabarar mai kayan ke nan gaba ɗaya.

Wallahi ban ji haushi ba a lokacin. Iska ma daɗi ta yi mini. Na tsaya ina kallon mai sayar da lemo a bakin ƙofa ina jin kamar in rungume shi. Zan koma gida da ƙafata, zan ci tuwon Inna, ba dalma a jikina. Ina cikin hamdala sai waya ta fara kuka a aljihu, ta ƙi tsayawa. Sai a lokacin na tuna.

Saƙo ya fi talatin. Na farko addu'o'i ne. Daga inda Malam Sani ya rubuta "Sabulu ya warkar da shi" (ban san lokacin da ya rubuta ba), sai dariya zalla. Kyaftin ɗin Anka ya turo murya: "Mun yafe maka duniya da lahira, Malam. Amma tunda ba ka mutu ba, sai a sake wasa."

Aka sake, a Bukkuyum, don kada a ce an yi son kai. Na buga minti arba'in cur ba awarwaro, gwiwa ba ta ce uffan ba. Sun ci mu, kuma duk sanda ƙwallo ta nufo ni, 'yan kallo sai su ɗauka baki ɗaya: "Hannu! Hannu!" Har 'yan ƙungiyarmu.

Har yau a ƙasa nake zuwa makaranta, domin wannan kam na tabbatar yana aiki. Darasin da na ɗauka kuwa ga shi kyauta: neman gafara abu ne mai kyau, amma kafin ka tona asirinka ga malaman garuruwa uku, fara neman sabulu ka wanke wurin tukuna.