Rasuwar Firjina a Hannun Injiniya Mai Ritaya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani abu a ƙarƙashinsa da tarbiyya ta hana ni rubutawa, nake sanar da dangi da maƙwabta rasuwar firjina, wanda yara ke kira Baba Dogo. Ya rasu ranar Talata da hantsi a kusurwar kicin, inda yake tsaye tun kafin in yaye ɗiyata ta fari, bayan gajeruwar rashin lafiya da aka ɗora masa da hannu.

Marigayin mai haƙuri ne. In an kawo wuta ya yi ɗan gurnaninsa, hmmm, in an ɗauke ya yi shiru, bai taɓa kai ƙarar kowa ba. Ya riƙe amanar ragowar miya, ya adana allurar ciwon sukarin surukata, ya sha rufa mini asiri ranar da baƙi suka faɗo babu sanarwa. Aibinsa ɗaya ne tak: ƙofarsa ba ta rufuwa sai an ɗan kishingiɗar da shi baya. Na ninke kwali na cusa ƙarƙashin ƙafafunsa na gaba, muka zauna lafiya shekara da shekaru.

Sai maigidana ya yi ritaya. Injiniyan gadoji ne, kuma ƙungiyarsu ta ce duk mai son ci gaba da riƙe hatiminsa na injiniya, ko da ya ajiye aiki, dole ya riƙa zuwa kwas na sabunta ilimi. Wallahi na yi murna, domin mutumin da ya saba ba tarin ma'aikata umarni ya dawo ba shi da kowa sai ni da kyanwa. Ashe kowane kwas da aikin gwaji ake dawowa gida, ga shi bawan Allah ba shi da gada ko ɗaya a hannu.

Darasin wannan watan shi ne a gyara abu tun kafin ya lalace. Injiniya ya shigo mini kicin da hular kwano a kai, ya ɗora wa marigayin ma'aunin nan na magina mai ɗan ruwa a ciki, ya ce ya karkata, kuma gadar da ta karkata haka rufe ta ake yi. Ya zare kwalin. Na yi magana, ya ce in bar wa masu sana'a sana'arsu. Baba Dogo ya miƙe ƙyam, ƙofa ta daina rufuwa, ƙanƙara ta taru ta toshe masa ciki. Injiniya ya ce wannan matsala ce ta biyu, ya dawo da sukudireba da guduma ya hau sara kamar yana fasa tsohon siminti, har ya huda bututun gas. Marigayin ya ja dogon numfashi, fsssss, daga nan bai ƙara cewa komai ba.

Injiniya ya cire tabarau ya dube ni. “Hajiya, ba a kai mu wannan babin ba tukuna.”

Na ji zafi ƙwarai, kuma har yau raina a ɓace yake. Shi ma dai ya yi jimami, ya zauna gefen gawar ya zuba tagumi har azahar. Tausayinsa ya fara kama ni ke nan, sai na ji yana waya da abokan kwas ɗinsa, murya fes.

Marigayin ya bar keken ɗinki, da injin markaɗe, da dutsen guga, da wata tsohuwar fanka da ta daina juya kai wajen ɗakin Injiniya tun ranar da abin ya faru. Dukansu lafiyarsu ƙalau, abin da ke tayar mini da hankali ke nan.

Game da jana'iza, babu ita. Injiniya ya miƙa gawar ga ƙungiya domin binciken musabbabin mutuwa, wai har maki za a ba shi. Ranar Asabar abokansa za su zo gidan nan, duk masu ritaya, kowa da akwatin kayan aikinsa, kuma sun yi alkawarin in lokaci ya rage za su duba lafiyar marayun kyauta.

Saboda haka za a karɓi gaisuwa ranar Alhamis da la'asar, lokacin yana wurin kwas. A shigo ta ƙofar baya. Mata su zo da manyan mayafai, kowacce ta fita da maraya ɗaya. Keken ɗinki yana buƙatar ƙarti biyu. Wanda ya haɗu da Injiniya a hanya ya yi masa ta'aziyya cikin girmamawa, amma in ya tambayi lafiyar firjinku, don Allah ku ce ba ku da shi.