Girkin Da Aka Hango Daga Sama

A wani daji can bayan kogi, inda mazauna suka daina cin naman juna tun zamanin kakanni, abinci bai taɓa zama abin kiran taro ba. Kowace uwa ta san abin da cikin ɗanta yake karɓa. Yau faten wake, gobe dambun zogale, idan kabewa ta nuna a haɗa ta da gyaɗa. Haka ake tafiya har daminar da Shamuwa ta dawo daga yawonta na shekara ta ce tana da magana.

Gwanki, shugaban majalisa, ya tara jama'a a gindin tsamiya. Shamuwa ta gyara tsayuwa a kan ƙafa ɗaya ta ce, "Ranka ya daɗe, ni dai na ga duniya, kuma na dawo da kunya. Na sauka a rufin gidaje a Italiya, na sauka a Indiya, har Sin na leƙa. Can ma akwai masu girki ba nama, amma ku zo ku ga tsari! A Italiya fari ne dogo kamar igiya, ja a bisansa, ɗan kore a tsakiya. A Indiya rawaya ne shimfiɗe, fari a gefe. Na Sin kuwa kore da ja ne a yayyanke, sai ƙyalli yake yi. Da na iso sararin dajin nan na duba akussanku, wallahi duk launinsu ɗaya, kamar an kwaɓa laka. Da wannan za mu shiga cikin sa'o'inmu?"

Aka yi tafi mai tsawo. Kafin la'asar an yi doka: kowane gida zai riƙa girkin wata ƙasa daban kullum. Aka kafa kwamiti a ƙarƙashin Biri don nemo kayan haɗi. Aka naɗa Hankaka mai duba gidaje, aka ce tunda daga sama aka hango girkin, daga sama za a riƙa duba shi. Gidan da ya yi ta faɗuwa, za a ɗauke yaransa a kai su madafar kwamiti, a ciyar da su yadda ya kamata.

Kwamiti ya yi aiki, ba za a ce bai yi ba. Tumatir bai nuna ba a farkon damina, sai aka amince da jar ƙasa ta bakin kogi, wadda ta ma fi shi ja. Saiwar tofa ta zama farin dogon nan. Rawaya aka samo ta a gindin suri. Ƙyalli kuwa, Biri da kansa ya gano ƙaro.

Akwai wata gada mai suna Lantana, haihuwarta ta fari, ba ta daɗe da yaye ɗanta Nomau ba. Lantana ba mai gardama ba ce. Ta karɓo kayan, ta wanke saiwar tas, ta tankaɗe jar ƙasar, ta jera komai a akushi yadda aka ce. Hankaka ya gifta ya yi kira, "Gidan Lantana, Italiya, ya yi!"

Nomau ya kai baki, ya tofar. Ta lallashe shi, ta yi masa wasa da cokali, ya haɗiye kaɗan yana hawaye. Duk uwar da ta taɓa yaye ta san yaro a wannan lokacin ba a wasa da cikinsa. Kwana kaɗan cikin Nomau ya kumbura, haƙarƙarinsa suka fito, ya daina tsalle-tsallen da ya saba. Ranar Indiya ko kallon akushin bai yi ba.

Lantana ta goya shi ta tafi majalisa. Da aka ba ta dama ta durƙusa ta ce, "Ranka ya daɗe, ban zo ƙin doka ba. Ina tsammanin ni ce ban iya ba. Tambaya ɗaya nake da ita ga Hajiya Shamuwa. Wannan abincin na Indiya, yaya yake a baki? Da gishiri ne, da tsami, ko da yaji? In na san ɗanɗanonsa zan gyara, ko yaron nan ya ci."

Shamuwa ta sauya ƙafa. Ta ce, "Yarinya, ni baƙuwa ce mai mutunci, ba na sauka cikin kwanon mutane. Daga rufi nake kallo. Ban da haka, likita ya hana ni ganye. Kwaɗi da fara nake ci, su ma don lalura."

Sai Biri ya miƙe ya ce, "Ranka ya daɗe, tambayar tana da kyau, sai dai ba a nan ya dace a yi ta ba. Kwamitina na launi ne. Maganar ɗanɗano tana buƙatar nata kwamitin, kuma ba a kafa kwamiti biyu a damina ɗaya. Ina ba da shawara a ɗage ta zuwa kaka." Gwanki ya amince. Aka yi wa Nomau addu'ar samun sauƙi, aka wuce zuwa batun inda shugabanni za su zauna ranar bikin girki.

A hanyar gida Lantana ta wuce ta bakin ramin Iya Gafiya, wata tsohuwa da ta yi ƙuruciyarta a rumbun wani gidan abinci a bakin teku, inda matafiya na ƙasashe suke sauka. Ba a taɓa gayyatar ta majalisa ba, don an ce wadda ta yi rayuwarta a ƙarƙashin tebur ba ta da hangen nesa.

Iya Gafiya ta leƙa goyon ta ce, "Ke 'yar nan, ɗa ne wannan ko tsinke? Me kike ba shi?"

"Indiya, Iya."

"Kawo in ji." Ta lasa ɗan abin da ya rage a cokali, ta tofar har sau biyu. "Wannan ai gini ne. Ni ban san launin abincinsu ba, a ƙarƙashin tebur ba a ganin launi. Amma harshena bai manta ba. Wake ne, a dafa shi ya yi lugub har ya narke. A soya albasa da tafarnuwa da citta a man gyaɗa, a zuba a kai, a sa ɗan gangamau. Na Sin ganye ne kawai, wuta mai ƙarfi, ki juya ki sauke kafin ya mutu, ki barbaɗa riɗi. Akwai na Lubnan, gauta gasasshe a daka da riɗin nan da ɗan tsami. Duk kayan suna bayan ɗakinki, sakarya."

Lantana ta dafa waken a ranar. Nomau ya shinshina, ya lasa, ya cinye, ya sa kai cikin akushin yana suɗewa. Ta zauna tana kallonsa.

Hankaka ya gifta. "Gidan Lantana, launin laka, ya faɗi!"

Washegari ta yi ganyen Sin, Nomau ya nemi ƙari, gidan ya sake faɗuwa don babu ƙyalli. Da yamma Biri ya aiko cewa in aka ƙara, a shirya yaron, madafar kwamiti tana da wuri.

Lantana ta dubi ɗanta, wanda ya fara ɗan tsalle a tsakar gida, ta dubi tulin jar ƙasar da ta rage. Ta yanko kaba ta zauna saƙa. Ta yi faifai fari da ja a tsakiya da ɗigon kore. Ta yi na rawaya mai farin gefe. Na ukun ta shafe shi da ƙaro har yana ɗaukar ido. Da gari ya waye ta yi gautan Lubnan, ta rufe akushin da faifan da ranarsa ta zo, Nomau yana zura kai ta ƙarƙashi yana ci.

Hankaka ya gifta, ya dawo, ya sake giftawa. "Gidan Lantana, Italiya, babu kamarsa!"

Uwa ba ta iya ɓoye wa uwa irin wannan abu. Maƙwabciyarta ta zo aron wuta ta tafi da faifai ɗaya da yadda ake waken. Kafin gero ya fitar da kai, kowane gida yana da faifai kala-kala a rataye, yara sun yi ɓul-ɓul, ƙamshin citta da tafarnuwa ya cika dajin. Iya Gafiya ta gaji da baƙi har ta fara cewa ba ta nan.

Ranar biki Gwanki ya ce lafiyar yaran nan shaida ce cewa majalisa ba ta yi kuskure ba. Aka yi wa Biri rawani, aka ƙara wa Hankaka girma. Kwamitin ɗanɗano aka ga babu sauran buƙatarsa. Nomau bai ji jawabin ba, yana can yana tsere da sa'o'insa.

Da kaka ta yi, Shamuwa ta yi sallama ta tashi. Ta kewaya dajin sau ɗaya tana duba akussa da kyau, don ta samu abin da za ta kai wa na gaba.

An ce a dajin da ta sauka, bana kaba ta yi tsada, ana ta dafa ta a tukwane, kuma har yanzu ba ta nuna ba.