Ranar Da Na Yi Wa Zanen Dakta Laminatin

Ba zan taɓa mantawa da Alhamis ɗin nan ba.

Lokacin ban daɗe da fara aikin gida a ƙasar waje, a unguwar Nasiriya ba. Maigidan, Dakta, shi ne kafilina, wato wanda ya tsaya min na zo aiki, igamata (takardar izinin zama) a hannunsa take. Malamin adabin Turanci ne, ɗakin karatunsa cike da tsofaffin takardu. Akwai wani zane da yake ji da shi: wasu Turawa masu manyan tumbi sun durƙusa suna sumbatar takardu. Madam, matar Dakta, ta ce ba'a ake yi wa malaman da wani saurayi ya yaudara, ya rubuta wasan kwaikwayo da hannunsa ya ce na wani shahararren marubucinsu ne da ya daɗe da mutuwa.

Ran nan na ga zanen a kan tebur, an cire shi daga gilashi, gefensa duk ya cinye. Tausayi ya kama ni. Mu a gida takarda mai daraja laminatin ake mata (sakamakon sakandarena ma haka Mama ta yi masa). Na sa shi a jaka na kai wa direbanmu, Baba Isufu, mutumin Maraɗi.

"Baba, in ka je kasuwar Batha a manne min wannan da leda."

"'Yata, Dakta ya sani?"

"Ba-zata zan yi masa."

Da la'asar ya dawo da shi yana sheƙi. Na ajiye a wurinsa ina jin kaina.

Ashe Dakta ya cire shi ne don abokinsa da zai zo. Sun daɗe suna musu, abokin na cewa zanen ma jabu ne, kwafi ne na kwanan nan. Sai an taɓa takardar an ɗaga ta a haske za a gane.

Da abokin ya iso, na shiga musu da gahawa. Dakta na riƙe da zanen.

"Wa ya yi wannan?"

Ni kuwa (Allah ya shirye ni) har da murmushi: "Ni ce, Baba. Yanzu ko ruwa ba zai taɓa shi ba."

Abokin ya yi dariya har hawaye. Ya ce leda ba ta ɓaruwa sai da takardar, an kashe musun har abada. Na ce a raina shi ke nan, kora ta zo. Filin jirgi kawai nake gani, da fuskar Mama in na koma hannu biyu.

Dakta ya daɗe yana kallon zanen, sannan ya dubi abokinsa ya ce, "To, kawo hujjarka yanzu."

Bai kore ni ba. Amma ɗakin karatu ya haramta gare ni, kuma har yau ban iya haɗa ido da shi. Yanzu ko tsumma na gani ya yage a gidan nan, sai na tambaya kafin in ɗauko allura.