Yaɓen Daddawa

Ko da zan manta komai na zamana a Riyad, ba zan taɓa mantawa da yammacin Juma'ar da na sa dattawa masu farin gemu suka durƙusa suna neman mushen ɓera ba, alhali ni ne na shigo da warin da hannuna biyu, har ina taƙama.

Aikina tsaron sito ne a wani kamfanin katako da ke unguwar Sulay. Wata rana wani dattijon Balarabe, Abu Faisal, ya zo a yanka masa allunan tebur masu wani irin lanƙwasa. Da yake bakina ba ya shiru, na tambaye shi me zai yi da su. Sai ya nuna min hoto a waya: ɗan ƙaramin jirgin ƙasa da bai fi tsawon cokali ba, yana gudu a kan dogo, yana ratsa garuruwan da aka gina da hannu. Ashe ƙungiya gare su, suna haɗuwa duk Juma'a bayan la'asar a wata istiraha, wato gidan shaƙatawar da ake haya a bayan gari. Kowa da yankinsa a kan babban teburi. Wani ya gina ƙauyen Turawa da ƙanƙara, wani tsohuwar kasuwar Najadu.

Na ce masa ai ni ma ɗan garin jirgi ne. Garinmu ƙarami ne a kan layin Ƙaura, amma titin tasharmu ya yi tashe a zamanin gyaɗa: kantuna masu baranda da rufin kwano, gidan waya, rumfar sikeli, sai shagon Baba na yadi a daidai kwana. Jirgi ya daina zuwa tun ina saurayi. Bayan rasuwar Baba aka faɗaɗa titi, aka kwashe shagon, ko hotonsa ba mu da shi. Abin yana damuna fiye da yadda nake nunawa.

“Akwai gurbi a kwanar teburinmu, ya Abu Fatima,” in ji shi, don da sunan 'yata yake kirana. “Gina garinku ka kawo. In jama'a sun yarda, wurin naka ne. In ba haka ba, akwai wani likita da ke son ya kafa gidan mai a wajen.”

Gidan mai a wurin shagon Baba? Nan take na ƙudurta cewa sai jirgi ya sake wucewa ta ƙofar shagon nan, ko da ɗan mitsitsi ne.

Na kama aiki ba ji ba gani. Bango na kwali, azara ta tsinken sakace, rufin kwano na gwangwanin lemo da nake murzawa a kan haƙoran mataji har ya yi layi-layi. Teburin cin abincinmu ya koma wurin gini, matata Hajara ta mayar da mu cin tuwo a ƙasa (ta ce dama can muka fito). Komai ya tafi daidai, sai launin bango. Kowane fenti na shafa, sai garin ya fito kamar kek ɗin biki. Bangon garinmu kuwa da makuba ake yaɓe shi, ruwan ɓawon ɗorawa ke nan, mai ba shi duhun ja da ɗan sheƙi. Na zaga kasuwar Batha lungu-lungu ina cigiyar makuba. Wani Ba'indiye ya saurare ni da kyau, ya gyaɗa kai, ya miƙo min lalle.

A hanyar komawa gida ne basira ta sauko min (haka na kira ta a lokacin). Makuba daga ɗorawa take. Daddawa ma daga ɗorawa take. Uwa ɗaya uba ɗaya, me zai hana wannan ta yi aikin waccan?

Hajara tana da daddawar da yayarta ta aiko mata ta hannun masu zuwa Umara, tana ɓoye ta cikin kwalba, kwalbar cikin leda, ledar a can ƙuryar firiji. Na ɗebi kaɗan, na daka, na kwaɓa da jar ƙasa da gam, na hau saman bene na yaɓa wa shagon Baba. Wallahi da ya bushe sai da na zauna. Launin ne sak, har da sheƙin. Wari kuwa, iskar Riyad ba ta barin danshi ya kwana, kafin wani lokaci ya ɗauke gaba ɗaya. Sai na bi kantuna da gidan waya da katangar tasha duk na yaɓe.

“Baban Fatima, daddawar nan tana raguwa fa,” in ji Hajara wata safiya.

“Bushewa take yi,” na ce, ina kallon wayata. “Kin san ƙasar nan.”

Ranar da zan kai musu garin na sa farar shaddata, na fesa turare, na ɗauki allon da na gina garin a kai kamar mai ɗauke da jariri. Ɗakin nasu rufe yake ruf, na'urar sanyi na aiki, ga manyan fitilu a saman teburi. Da na yaye zanen da na rufa, jama'a suka taso da kofunan gahawa a hannu, ana ta masha Allah. Likitan gidan mai ma sai da ya sunkuya ya leƙa barandar shagon Baba. Aka tambaye ni wane fenti ne wannan, na ce sirrin magina ne na ƙasarmu, gadon kaka da kakanni. Har da ɗaga hanci na faɗe shi.

Abin da ban sani ba shi ne yadda suke haɗa sabon yanki da tsoho. Sai an barbaɗa tsakuwa a kan mahaɗar dogon, sannan a fesa ruwan gam don ta kama. Abu Faisal ya ɗauko kwalbar feshi, da yake mutum ne mai son aiki ya yi kyau, ya bi titin garinmu tun daga tasha har kwana ya jiƙe shi sharaf. Fitilu kuma suna ta gasawa daga sama.

Ni na fara ji. Da farko ma daɗi ya yi min, don kamar an buɗe ƙofar kicin ɗin Inna ne ranar miyar kuka. Sai na ga likita ya ajiye kofinsa. Wani ya ja gefen rawaninsa ya rufe hanci. Abu Faisal ya ce lallai ɓera ne ya mutu a ƙarƙashin teburi, ya sa aka kawo turaren wuta, aka kunna fitilun waya, dattawa suka tattare riguna suka durƙusa. Ni ma na durƙusa (Allah ya yafe min), har ina nuna musu bayan kabad ina cewa kamar daga can yake fitowa. Turaren wuta ya haɗu da daddawa, ɗakin ya koma wani abin da ba shi da suna.

Da aka rasa ɓera, Abu Faisal ya miƙe ya dafa teburi don ya huta, kansa daidai saitin shagon Baba. Ya shaƙa sau ɗaya. Ya ƙara matsowa ya shaƙa. Sannan ya juyo a hankali.

“Ya Abu Fatima, esh hada? Mene ne a bangon nan?”

Na lalubi Larabcina kaf, babu daddawa a ciki. Kalma ɗaya ce ta zo bakina.

“Marag,” na ce. “Kayan miya ne.”

“Da miya ka gina garinku?”

Dariyar da aka yi, har wani dattijo sai da aka ba shi ruwa. Ni kuwa ina tsaye cikin farar shadda da ƙurar ƙarƙashin teburi a gwiwoyina, ina roƙon ƙasa ta tsage. Abu Faisal ya share hawaye ya ce garin ya yi kyau ƙwarai, amma ba zai kwana a ɗakin ba. Na fito da shi a hannu, kowa na ba ni hanya da sauri.

Da na isa gida, ƙofa kawai Hajara ta buɗe ta shaƙa.

“Ashe nan take bushewa,” ta ce.

Na ji kunya, na kuma ji haushi, amma ban ji zan bari ba. Na kira Abu Faisal na roƙe shi ya riƙe min gurbin. Na sayo reza na kankare kowane bango, gini bayan gini, har yatsuna suka yi kanta. Na gwada wannan na gwada wancan, daga ƙarshe baƙin shayi mai kauri da jar ƙasa suka ba ni launin da ya kusa, na bi da man sheƙin katako na rufe. Shayin ma na Hajara ne, amma wannan karon sai da na yi sallama na roƙa.

Ranar da na mayar da garin, Abu Faisal ya fesa masa ruwa da gangan, ya bi gine-ginen ɗaya bayan ɗaya yana shinshinawa kamar mai sayen turare, sannan ya ce a haɗa. Aka kunna jirgi. Ya fito daga ƙauyen ƙanƙara, ya ratsa kasuwar Najadu, ya rage gudu a kwana, ya wuce ta ƙofar shagon Baba. Ban san idona ya cika ba sai da likita ya miƙo min hankici, ya ce gidan mai zai iya jira.

Har yau garin yana nan a teburin, sai dai ba wanda ke kiransa da sunansa. Tashar Miya suke cewa, an ma rubuta a ɗan allo an kafa. Na dai koyi cewa fitowa daga itace ɗaya ba ya sa abu biyu su yi aiki ɗaya, kuma duk basirar da ta sauko wa mutum ta ce ya buɗe firijin matarsa a ɓoye, ya sake tunani. Yanzu masallacin tasha nake ginawa. Hajara ta sa wa kabad ɗin barkono kwaɗo.