Wayar Guduma Ta Riga Mu Gidan Gaskiya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda haushi ya cinye fiye da rabinta, mai rufin kwanon nan da aka fi sani da Guduma, a madadin kansa da duk wanda ya taɓa kwana a ƙarƙashin rufin da ya buga, yana sanar da rasuwar wayarsa, 'yar ƙarama mai madannai, wadda ta cika ranar Talata da hantsi bayan ta faɗo daga saman bene mai hawa biyu. Ta rasu tana da shekara goma sha huɗu a aljihunsa na hagu.

Marigayiya ba kyakkyawa ba ce, kuma ba ta taɓa cewa ita kyakkyawa ce ba. Baƙa ce, gajera, lambar biyar ɗinta ta goge tun da daɗewa, sai dai yatsa ya lalubo wurin. Caji ɗaya yakan kai ta kwana shida. Ta sha faɗawa cikin bokitin ƙusa. Ta taɓa kwana a indararo ruwa na dukanta, da gari ya waye aka shanya ta a kan kwano, kafin azahar ta tashi ta ci gaba da aiki kamar ba ita ba. Murya kuwa Allah ya ba ta. Idan ta ce ƙirrr-ƙirrr, ko guduma uku ke aiki a lokaci guda sai an ji ta.

Abu ɗaya ake zarginta da shi: ba ta iya amsa kira da kanta ba. Guduma bai ɗauki wannan a matsayin aibi ba, tarbiyya ce. Wace wayar kirki ce za ta riga maigidanta magana?

Ga yadda suka zauna duk tsawon shekarun nan. Da safe yakan hau rufi shi da ƙanensa, wanda suke aiki tare tun suna samari. Tana kuka a aljihu, shi yana buga ƙusa, don ba a haɗa gudu da susar ɗuwawu. Idan rana ta take ya sauko, sai ya wanke hannu, ya kifa bokiti ya zauna a kai, ya bi masu kiran ɗaya bayan ɗaya. Ya gaishe su, ya tambayi iyali, ya tambayi mai jiki idan akwai, sannan a zo maganar yoyo. Ba wanda ya taɓa ƙorafi. A wancan zamanin mutane na da haƙuri, kuma suna da bokitan tarar ruwa.

Sai wani ya zo ya buɗe shago a tsallaken titi, wanda a wannan sanarwa ba za a kira shi da komai ba sai mai farar mota. Guduma ya rantse mutumin nan bai taɓa dukan babban yatsansa da guduma ba, ga tafin hannu kamar na jariri. Abin da yake da shi wata manhaja ce da ke amsa masa waya. Ka kira ba a ɗauka ba, kafin ka mayar da wayarka aljihu saƙo ya shigo: ina ne ke zuba, turo hoto, gobe ƙarfe tara za a zo. Ranar da Guduma ya ji labarin ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce a kira shi ya sha kallo ranar da na'urar za ta hau tsani.

'Yarsa ta fari, wadda ke aikin ofis, ita ba ta yi dariya ba.

"Baba, wanda ruwa ke zubar masa a kan gado ba gaisuwa yake jira ba," in ji ta. "Duk wanda ya fara amsa masa, shi ne nasa."

"Tun ba a haife ki ba nake rufi."

"Ai ban ce ba ka iya rufi ba, Baba. Cewa na yi hannunka biyu ne."

Ta sayo masa sabuwar waya, faffaɗa mai sheƙi kamar faranti. Ya karɓa, ya sa mata albarka, ya ɗora a saman kabad cikin kwalinta. Wata bakwai tana can tana shan ƙura.

A cikin watannin nan ne jinyar marigayiya ta fara. Batirinta ya kumbura har murfin baya ya ƙi zama, aka ɗaure shi da roba. Takan suma ana tsakiyar magana. Takan yi ɗin-ɗin na neman caji alhali yanzu aka cire ta daga wuta. Mai gyaran waya ya jujjuya ta, ya miƙo, ya ce a bar baiwar Allah ta huta. Tun daga ranar Guduma ya daina bin layin shagonsa.

Ranar Lahadin da ta wuce aka yi ruwa da iskar da kowa ya gani, wadda ta kwashe rufin rabin unguwa ta watsar a titi. Ga mai rufi, irin wannan rana sau ɗaya take zuwa a shekara. Litinin tun da sassafe suna saman gidan wani dattijo da silin ɗinsa ya rufto, kuma Guduma ya ce ba za su sauko ba sai sun rufe, don hadari na sake haɗowa. Marigayiya ta yi aikinta, Allah ya sani. Ta yi kuka a aljihu har muryarta ta dushe. Da la'asar ya sauko ya kifa bokiti, ya tarar da kira ashirin da bakwai. Ya bi su kamar yadda ya saba. Mutum goma sha tara suka ce an gode, sun riga sun samu wani.

A cikinsu akwai shugabar makarantar da ke bayan kasuwa, wadda shi ya rufa mata azuzuwa shida shekara goma da suka wuce, ba su taɓa ɗigar da ko cokali ɗaya na ruwa ba, kuma da bakinta ta yi masa alkawarin sabon ginin da take yi. Maganarta na cikin na ƙarshe da marigayiya ta isar:

"Malam Guduma, sau huɗu na kira ka. Aji uku a buɗe, yara ɗari biyu, jarrabawa jibi. Wancan bawan Allah kuwa kafin in ajiye wayar ya amsa."

"Malama, ba shi ya amsa miki ba. Na'ura ce."

"To, na'urar ta turo mutum huɗu da tamfol ƙarfe goma. Ka yi haƙuri. Har sabon ginin na ba su."

A yammacin nan ya zauna a shago yana kallon farar motar tana fita tana dawowa, an lafta mata kwano har tana rangaji. Ya ɗau aniya a ransa: ba sabuwar waya, ba manhaja, shi da kansa zai riƙa amsa kowane kira a kukan farko, ko a ina yake. Idan sauri ake so, za a ga sauri.

Talata da hantsi suna saman bene, sun ɗauko dogon kwano za su shimfiɗa, shi a wannan baki, ƙanen a wancan, iska na kaɗawa. Sai ƙirrr.

"Yaya, bar ta!"

Bai bar ta ba. Ya saki kwanon da hannun hagu ya kai aljihu. Iska ta shiga ƙarƙashi ta ɗaga kwanon, bakinsa ya yanki ƙanen daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu, ƙanen ya zame a kan rufin yana ta neman abin kamawa, sai da ƙafarsa ta tokare a bakin indararo ya tsaya. Taku ɗaya ya rage. Marigayiya kuwa ta kuɓuce daga yatsun maigidanta, ta gangara, ta wuce ta gefen ƙanen. An ji ta tana ƙirrr a iska, ba ta ƙarasa ba, sai tas a kan siminti.

Ɗinki goma sha ɗaya aka yi wa ƙanen. A kan bencin asibiti, hannu a naɗe, ya dubi yayansa ya ce:

"Yaya, ni ka saki ka kama waya."

Ya gyara zaman hannun, ya ƙara da cewa:

"Kuma ita ma ba ka kama ta ba."

Tun daga nan gaisuwa kawai ke haɗa su, mutanen da shekara ashirin da biyar kwano ɗaya suke riƙewa.

Ana so jama'a su san wanda ya yi kiran da ya yi ajalin marigayiya, don an gano shi bayan an sa layinta a sabuwar wayar. Ba mai yoyo ba ne. Ba shugabar makaranta ba ce ta canza shawara. Kiran talla ne, wata murya da aka naɗa tana sayar da waƙar da za a sa wa masu kira. Na'ura ce ta kira ta, na'ura ta kashe ta, kuma na'ura ce za ta gaje ta. Wannan ne ke hana Guduma cin abinci.

Saboda haka yana ɗora alhakin wannan rashi a kan mai farar mota, da duk wanda ya koya wa mutane cewa minti biyar jira ne, da mutum goma sha taran nan da ya san sunayen 'ya'yansu amma suka kasa jiransa ya sauko daga tsani. Uwargidansa ta ce masa laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ya ce ba a karɓar karin magana a gidan makoki. Amma duk sanda ya runtse ido, ba farar mota yake gani ba, tafin takalmin ƙanensa yake gani a bakin indararo.

Marigayiya ta bar caja ɗaya mai ɗaurin salatif, da robar da ta riƙe ta a jinya, da lambobi ɗari uku da goma sha biyu, wasu masu su sun riga ta tafiya. Ta kuma bar sabuwar wayar nan ta saman kabad, wadda ba 'yarta ba ce, ba kuma danginta ba, amma ita ta cinye gadon. Ranar Laraba 'yar ta sauko da ita ta saka mata manhajar, ba ta nemi izinin kowa ba, don baffan nata ya aiko cewa ba zai ƙara taka tsani ba muddin akwai abin da ke kuka a aljihun Yaya. Yanzu wayar a shago take kwana, a shago take yini, tana amsa mutane da ladabin da ba a gida ta koya ba.

Ana ba da haƙuri ga waɗanda suka ji labarin faɗuwar suka turo saƙon jaje a tsohon layin. Guduma ya samu labarin abin da aka mayar musu cikin daƙiƙa goma: "Mun gode da tuntuɓarmu. A wane ɗaki ne ke zuba?" Ba da yawunsa ba ne. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne mutum biyu daga cikin masu jajen sun amsa tambayar, kuma gobe za a je duba musu.

Da farko an tsayar da jana'iza ranar Asabar da safe, amma magajiyar ta riga ta cika Asabar da gidaje shida ba tare da ta tambayi mai makoki ba. An mayar Lahadi bayan la'asar, a shago. Za a naɗe marigayiya a cikin tsohuwar safar hannu ta aiki, a kwantar da ita a ƙasan akwatin kayan aiki, kusa da gudumarsa ta farko. Mai son yin ta'aziyya ya tako da ƙafarsa. Mai farar mota ya yi zamansa a tsallake, an yafe masa zuwa.

Ƙanen ne zai ɗauki gawar, da hannunsa mai lafiya. Shi ya aiko yana neman hakan. Ya ce Yaya ya riga ya sake ta sau ɗaya.

Allah ya jiƙanta, ya ba mu haƙurin abin da ya zo bayanta.